Inuwar Shafin Ƙarshe

"Ka kashe mini magina!" in ji Baba Ginshiƙi, yana buga takardar a kan bargon da ya rufe ƙafafunsa. "Ina katakon da na zana a ƙarƙashin bakan nan?"

"Na goge shi, Baba. Ya cika hoton da tarkace."

"Tarkace! Ba a sa dutsen tsakiya ba, ka cire abin da ya tokare ginin. Mutanen da ke ƙasa fa? Sai ka je ka yi wa matansu bayani."

Mutanen da yake yi wa wannan fafutuka ba su kai tsawon ɗan yatsana ba, kuma da fensir aka yi su. Ni dai na haɗiye haushina na ɗauki takardar.

Sana'ata rubuta allon shaguna, shagona kuma yana manne da gidansa. Shi tsohon malamin tarihin gine-gine ne. Da ya gaji da ganin ɗalibai suna gyangyaɗi a kan manyan littattafai, sai ya koma zana musu darasin kamar labari, akwati bayan akwati, ga magina suna gardama, maganarsu tana fitowa daga baki cikin ɗan da'ira. Littafinsa na ƙarshe a kan yadda mutane suka koyi gina ƙofa mai lanƙwasa kamar baka ne, da dutse zalla. Ciwo ya kwantar da shi, hannunsa ya kama rawa. Fensir yana iya ja da ƙyar, tawada kuwa sai dai wani. Ni da bakina na ce zan iya, shi kuwa ya riƙe ni a kan maganata.

Burinsa ɗaya ne, ya ga shafin ƙarshe da idonsa kafin ya tafi. Ya sha faɗa, ko kunya ba ya ji. 'Yarsa Auta, wadda ta baro gidanta ta zo jinya, ta tsani jin zancen, kuma ni ta ɗora wa laifi.

"Yaya, don Allah ka daina biye masa. Likita ya ce ya huta, kai kuma kullum kana nan da kwalbar tawada."

"Ni nake biye masa? Mai kanti ya yi fushi, allonsa na can rabi babu rubutu."

"Ku bar gulmata, ina ji," in ji Baba daga ɗaki. "Auta, kawo sabulun wanki. Duka."

Ranar ya sa na yanka sandunan sabulunta, kowane ɓari sama da faɗi ƙasa da tsini, na jera su a kan gwangwanin madara da aka kwantar a faranti. Kafin in sa ɓarin tsakiya ya ce in zare gwangwanin. Na zare, komai ya zube. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na sake jerawa, na cusa na tsakiyar, na zare gwangwanin a hankali. Abin ya tsaya cak, babu komai a ƙarƙashinsa. Gaskiya na ji daɗi, amma ban bari ya gani ba. Auta ta kwashe gutsattsarin sabulunta.

Daga nan jikinsa ya yi ta ja baya, bakinsa ne kawai bai san da ciwon ba. Igiyar da na zana ta yi siriri, ba za ta ɗauki dutse ba. Jakin da ke jan kaya ya yi kama da akuya. Wata rana na ajiye burushi na ce na bari, ya nemi wani.

"To," ya ce, idonsa a rufe. "Ka rufe ƙofa in za ka fita. Gobe ka zo da wuri."

Kuma na zo da wurin, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Da hantsin wata Laraba na kai masa shafin ƙarshe. An zare katako, baka ya tsaya, babban magini yana tsaye a ƙarƙashinsa ya ɗaga kai. Auta ta tallafo shi ta sa masa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Na gyara tsayuwa, ina jiran ko sau ɗaya in ji an ce sannu.

"Mai fenti," ya ce, muryar can ƙasa. "Rana tana hagu a shafin baya. Me ya kai inuwa hagu a nan?"

"Baba, wa zai lura da inuwa?"

"Akwai wata ɗaliba da za ta lura. Kullum akwai ɗaya. Je ka gyara."

Na fita ina ƙunƙuni. A shago na shafe inuwar da farin fenti, na jira ya sha iska, na mayar da ita dama, ina ta shirya baƙar maganar da zan faɗa masa in ya sake samun wani aibu. Ban jira ta bushe ba na ɗauko.

A bakin ƙofa na ga takalman maƙwabta. Auta ta fito, tabaransa a hannunta. Ta dubi takardar kafin ta dube ni.

"Ka gyara, Yaya?"

"Na gyara."

Ta gyaɗa kai ta koma ciki. Na tsaya a barandar riƙe da shafin ta gefe da gefe, hannu biyu, don tawadar tana ɗanya. Mutane suna wucewa suna miƙo mini hannun ta'aziyya, ni kuwa ban da hannun gaisawa, ban da na share fuska.