Kwakwar Kwadzo

Tun da safe teku ya yi lamo, ya koma launin toka. Rediyo ta ce guguwa za ta iso kafin la'asar, mutanen Tsikope kuwa suna ta loda tukwane da raga cikin kwale-kwale don su haye tafki zuwa tudu.

Sefakor, malamar makarantar ƙauyen, ta iske kakarta Adzovi zaune a gindin bishiyar kwakwa, kumfar ruwa na lasar ƙafafunta. A garin nan duk jaririn da aka haifa, ana binne cibiyarsa a dasa kwakwa a kai. Wannan ta Kwadzo ce, mahaifin Sefakor, wanda ya fita kamun kifi bai dawo ba. Ba shi da kabari, sai bishiyar. Can cikin ruwa, inda tsohuwar kasuwa take a da kafin teku ya cinye wurin, kututturan wasu bishiyoyin suna leƙowa kamar mutanen da suka tsaya hira.

"Kaka, tashi. Jirgi ɗaya ya rage."

"Ku tafi, malamar boko. In bar ɗana shi kaɗai? Jiya ma ya yi min magana cikin ganyen nan."

"Me ya ce? Ki zauna kifi ya cinye ki?"

"Ja'ira! Bakinki irin nasa."

Sefakor ta ɗaga kai. Mace ba ta hawan kwakwa a Tsikope. Ta ɗaure zaninta tamau, ta ciji wuƙa, ta rungumi bishiyar. Daga jirgi maza suka hau ihu: "Malama, sauko! Abin kunya!" Ba ta ko waiwaya ba. A sama iska ta yi ta lilo da ita a hankali, kamar yadda mahaifinta kan yi mata a kafaɗarsa. Ta hango baƙin hadari ya taso daga ƙarshen ruwa. Ta yanko busassun kwakwa biyu.

Ta sauko cinyoyinta duk sun kuje, ta dumbuzo yashin gindin bishiyar ta ƙulle a ɗankwali, ta ajiye duka a cinyar tsohuwar.

"Ga ɗanki. Ki goya shi, mu je."

Adzovi ta kara kwakwa ɗaya a kunne, ta girgiza. Ruwan cikin ya amsa. Ta daɗe tana saurare.

"Ya yi nauyi," ta ce, ta miƙa wa jikarta hannu. "Ɗaga ni. Amma a tudun, ni zan zaɓi wurin da za a dasa shi."