An Kwashe Fayil Dubu Tara

Shekara ashirin da shida Uwar Fayil ta yi a ɗakin ajiyar takardu na ma'aikatarsu, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane. Da aka zuba komai a kwamfuta, sai aka haɗe sashenta da wani, aka ba ta takardar godiya da agogon bango, aka ce ta je ta huta. Hutun ne ya fi ƙarfinta. Wata huɗu tana tashi da asuba, ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwali, sannan ta tuna ba inda za ta. Har tukwanen kicin sai da ta jera su bisa girma, ta manna wa kowacce lamba.

Ana haka ta ji wani kamfanin sufuri yana neman mai kula da takardunsa, kuma ranar Alhamis za a rufe karɓa. Ta zauna ta rubuta tarihin aikinta, abin da 'yan zamani ke kira sibi, shafi goma sha ɗaya cur. Ta huda kusurwa, ta zura koren zare yadda ta saba, ta kai wa autansu, wanda ya daɗe yana aiki a kamfanoni.

Auta ya auna takardun a tafin hannu. "Yaya, wannan ai sai an nemo mai dako."

"Karanta dai, ka bar iyayi."

Ya gyara tabarau ya fara. "An tsara rajistar wasiƙu. An horar da ma'aikata arba'in. An rage ɓatan takardu." Ya ɗago. "Yaya, shi wannan An ɗin ɗan gidan wa ne? Na ga ya iya aiki. Ko shi za mu nema wa gurbin?"

"Ka ji ka! A aikin gwamnati ba a cewa ni. Gwamnati ke yi, kai hannu ne kawai."

Ba ƙarya ta yi ba. A makonta na farko ta rubuta "na aika" a wata wasiƙa, shugabanta ya zagaye kalmar da jan biro har takardar ta huje. Tun daga ranar kowace wasiƙarta da "An umarce ni in sanar da kai" take farawa, kuma tana alfahari da hakan.

Auta ya shiga yanka. Ya cire ranakun ƙarin girma, ya cire jerin kwamitoci. Da ta ce a bar mata mataki na goma sha biyu, wanda ta sha wuya kafin ta taka, sai ya ce su can ba su san mataki ba sai na bene. Ta harare shi, amma ta ƙyale. Duk inda ya ga "an" ya mai da shi "na", tana ji tana cije leɓe.

A shafi na bakwai ya tsaya. Ya karanta a hankali: "An kwashe fayil dubu tara daga ɗakin ƙasa ranar da bututun ruwa ya fashe, ba a rasa ko ɗaya ba." Ya bugi tebur. "Ga aikin nan a hannunki, kin binne shi a shafi na bakwai! Wannan a sama za a sa. Na kwashe fayil dubu tara."

Ta dafe takardar. "Wannan kam a'a."

Safiyar wata Asabar ce, shekara goma sha biyar da suka wuce. Ruwa har gwiwa, ɗakin yana warin jiƙaƙƙen kwali. Su uku ne: ita, da Mai Tafireta da ta tattare zane tana waƙa don kada su karaya, da Baba Masinja. Sun ɗaura igiya a baranda sun shanya takardu kamar wanki, waɗanda suka lanƙwashe suka bi su da dutsen guga. Mai Tafireta ta rasu bara waccan. Uwar Fayil tana kewarta har yau, musamman da ƙarfe goma, lokacin shayinsu.

"In na ce na, su kuma ina zan sa su?"

"Yaya, mutum ɗari biyu ke neman gurbin nan. In kika bar An, wallahi ko kiranki ba za a yi ba."

Ta naɗe shafin ta jefa a jaka, ta fita ko sallama babu.

Ranar Laraba da hantsi ta nemi gidan Baba Masinja. Ta same shi a benci a ƙofar gida, idanunsa sun yi yana, amma tun kafin ta yi magana ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan takun na san shi." Suka gaisa, suka yi wa marigayiya addu'a, suka tuna fankar ofis mai ƙara wadda aka yi shekara tara ana rubuta takardar gyaranta. Sannan ta karanta masa layin, ta gaya masa abin da Auta ke so.

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Ranki ya daɗe, ran nan wa ya zo ya buga mini ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya? An ne?"

Ya ci gaba yana ƙirgawa da yatsu.

"Wa ya san wanne fayil za a fara cetowa? To da kika rubuta rahoto kika ce an kwashe, wa aka ba takardar yabo?"

Darakta aka ba, wanda bai leƙo ba sai Litinin, da busasshen takalmi. Ta san da haka tun tuni, ba ta dai taɓa ɗora laifin a kan alƙalaminta ba. Yau abin ya yi mata ciwo.

"Da hannuna na kai masa ita ofis," in ji Baba Masinja. "An ɗin nan naku riga ce a kan igiya, duk wanda ya ga ta yi masa sai ya zura. Ki rubuta ke ce. Ita ma marigayiya da tana nan, da tuni ta buga miki shi."

Uwar Fayil ta ɗora shafin a gwiwa, ta soke kalmar, ta rubuta "na" a samanta. Ta miƙe za ta tafi, don Auta na tashi daga ofis ƙarfe huɗu.

"Ranki ya daɗe," ya ce, yana kallon inda yake zaton take. "In sun kira ki, suka tambaya wa ya riƙe tsani a cikin ruwa tun safe har la'asar, don Allah kada ki ce an riƙe."