Osiloskop Mai Nauyin Maraƙi

Da mahautan unguwarmu a Garwa suka haɗa kai suka gina ɗakin sanyi a bayan kasuwa, babana, Malam Isa, ne ya miƙe a taro ya ce a ba 'yarsa Nazira kula da wutar ɗakin, tunda na yi makarantar fasaha. Aka yi ta gyaran murya da kallon ƙasa. Ya ce, "Idan ta kasa, ni na kasa." A kan wannan magana aka miƙa mini makulli, kuma tun daga ranar na san sunansa na rataye a jikin makullin nan.

Aiki ya tafi lafiya har zafi ya shigo, sai ɗakin ya ɗauko wani ciwo. In akwai wutar gari, injin sanyi lafiya lau. Da an ɗauke, ondila, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, sai ta karɓa, ta yi ɗan aiki, injin ya yi tari, ita kuma ta mutu. Na auna da mita har na gaji, kullum mita ta ce komai daidai. Abin yana faruwa ne cikin ƙiftawar ido, ba mai kama shi sai osiloskop, na'ura mai allo da ke zana wa mutum tafiyar wuta a cikin waya. Na nemi aro a gari. Mutum ɗaya ke da irin wadda nake so, wani mai gyara da ake kira Rostand, shi kuma ba ya ba da aron abin da yake ci da shi.

Na je wurin Bappa Hayatu, wan babana, shi ne sarkin fawa. Na nuna masa hoton osiloskop ɗin da nake so a saya a waya: 'yar ƙarama ce, ta hannu.

"Abu biyu nake nema, Bappa. Ta zama mai batir nata, domin ciwon ba ya tashi sai an ɗauke wuta. Kuma ta iya riƙe hoton abin da ta gani."

Ya nisanta wayar daga fuskarsa, ya kalle ta yadda yake kallon akuyar da ta sha rani.

"Wannan ai rediyon makiyaya ne, 'yata. Kayan jama'a ba a saye a waya. Akwai dillali."

Dillalin shi ne Abdussalam, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sayar da shanu a kasuwar Adumri, da gwiwa ta gaji ya koma kayan arivaj, tsofaffin kayan Turai da ake saukewa a Duwala. Saninsa da lantarki bai wuce kunna fanka ba. Amma ya yi wa Bappa dillancin shanu tun kafin a haife ni, don haka a wurin Bappa ko jirgin sama ne Abdussalam ya san na ƙwarai.

Muka je rumbunsa, ni da Bappa da babana. Abdussalam ya tari Bappa da gaisuwar Fulatanci, ya janye buhu daga kan wani ƙaton akwati mai launin toka, mai ɗan allo kamar na tsohuwar talabijin, wayarsa na jan ƙasa.

"Jam na, Sarki? Ga shi. Daga hannun Bature ya fito, bai sha wahala ba."

Abin da Bappa ya yi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ya zagaya akwatin. Ya bubbuga gefensa da tafin hannu, ya danna bayansa da babban yatsa kamar mai neman kitse. Ya leƙa maɓallan gaba ɗaya bayan ɗaya, wai haƙora yake dubawa. Sannan ya kama mariƙin da hannu ɗaya ya ɗaga, abu ya ƙi motsi. Nan fuskarsa ta washe.

"Isa, zo ka ji. Wannan ai maraƙi ne. Akwai kaya a ciki."

"Bappa, wannan wutar gari yake ci," na ce. "Kuma ba ya riƙe hoto."

"Kin ji yaran yanzu," in ji Abdussalam yana dariya. "Ita mara nauyi take so, ta sa a jaka tare da turare."

Na ja hannun rigar babana na ce ya yi magana. Ya ce a hankali, "Yaya, ko a ji ta bakinta?" Amma Bappa ya riga ya tura hannu ƙarƙashin babbar rigar dillali, yatsunsu na ciniki a ɓoye yadda ake yi a kasuwar shanu. Ba a jima ba Abdussalam ya ce, "Na sallama." Bappa ya ce, "Allah ya sa albarka." Shaidu suka shafa fatiha. A wurin mutanenmu, in an kai nan, ko saniyar ta faɗi matacciya a bakin ƙofa ta mai saye ce.

Mutum biyu suka kinkimo shi zuwa ɗakin sanyi. Da na kwance murfin, kyankyasai suka watso mini a hannu, manya da ƙanana. Ciki cike da kashin ɓera, ga sheƙa ta tsumma da takarda, ga busasshiyar tsaka manne a jikin waya. Zarnin fitsari ya buge ni har na fita na tofar da yawu. Ni da na girma ina wanke tumbi, ban taɓa jin ƙyanƙyami irin na ranar ba. Rabin nauyin da Bappa ke yabo ƙazanta ce.

Na share, na goge, na kunna. Abin haushi, ya kama. Koren layi ya fito yana hawa da sauka, mahauta suka taru suna kabbara. Bappa ya gyara hula ya ce, "To, madam teknisiyen, sai me kuma?"

Da aka ɗauke wuta na jona shi a jikin ondila, tunda babu wani wurin. Na zuba wa allo ido. Layi ya fara rawa, injin ya yi tarinsa, a daidai lokacin da zan ga ciwon sai ondila ta mutu, allo ya bi ta. Likita da majinyaci suka suma tare. Na sake, na sake, kullum haka.

Na gaya wa Bappa, ya ce in ƙara koyo. Na roƙi babana a mayar, ya ce, "Nazira, ba a sa babba ya lashe maganarsa a kasuwa."

Sai aka yi wata doguwar ɗaukewar wuta, ɗaki cike da naman mutane, rana kuwa irin ta Garwa. Ina tayar da ondila tana mutuwa. Muka nemi ƙanƙara a gari, kowa na nema. Da muka buɗe ƙofa washegari da yamma, warin ya tura mu baya. Cinyoyi sun kumbura sun yi kore, ruwa mai yauƙi na ɗiga daga ƙugiyoyi, ƙudaje suka taso kamar an aika musu. Babana ya ɗaure hanci da rawani, shi ya fara ɗauka a kafaɗa zuwa rami.

A taron da aka yi, Bappa ya zauna a kan akwatin nan, don ya yi daidai da kujera.

"Mun sayi na'ura mafi girma a garin nan," ya ce. "Na'ura ba ta da laifi. Hannu ne bai kai ba."

Kowa ya juya ga babana. Ya san gaskiya, a gabansa na faɗi komai. Na jira. Sai ya ce, "A yi mana haƙuri. Yarinya ce." Ya miƙo mini hannu ba tare da ya kalle ni ba. Na sa masa makullin.

Rostand suka kira. Ya zo a babur, ya zaro 'yar osiloskop daga aljihun jakarsa, irin ta hoton wayata sak, har launi. Aka kashe wutar gari, injin ya yi tari, hoto ya tsaya cak a allonsa. Ya nuna wani ɗan kondansa da ya gaji a jikin injin, wato abin da ke taimaka masa tashi, ya canza shi, sanyi ya dawo.

Bappa ya karɓi na'urar, ya jinjina ta a tafin hannu, ya girgiza kai.

"Allah ya yi maka albarka, Rostan. Da wannan abin wasan ma ka gane ciwon. Ina ga ka yi da babban?"

Mahauta suka ce gaskiya ne. Babana ya tashi, ya miƙa wa Rostand makullin da hannu biyu.