Haladu da Dabbar Inshora

Jiya bayan azahar Haladu ya yi wani mafarki, yana kishingiɗe a kujerar direba, cikin motar kamfanin ruwan leda da yake tuƙawa a Funtuwa. Da safe mai kamfanin, Hajiya Turai, ta gaya masa masu inshora sun sake tsawwala mata saboda yawan goge-gogen da yake yi a hanya, kuma kafin magariba za ta yanke shawara a kansa. Da wannan magana a ransa barci ya ɗauke shi.

Sai ga shi a wani gari inda titi ne ke tafiya, motoci na tsaye. Mutane na zaune suna jiran unguwarsu ta iso. Da ya waiwaya, duk abin da ya taɓa bugewa yana biye da shi: wata ƙofar ƙarfe, teburin mai tsire, da zabuwa mai ɗingishi.

"Ina za ku?" ya tambaye su.

"Ba da shaida," in ji ƙofar. "Wuce gaba, mun fi sakin jiki idan muna bayanka."

Ofishin inshora a kan bishiyar mangwaro yake, amma gangarawa ake yi a shiga. Manajan kunkuru ne sanye da kwat. Ya sa Haladu ya buɗe baki, ya daɗe yana duba harshensa.

"Kana shan kwana ba sigina," in ji shi. "Zo ka ga aikinka."

A bayan ofishin an ɗaure wata dabba mai girman rumbu, kunnuwanta madubin mota. Hajiya Turai na tsaye gabanta tana jefa mata tayoyi a baki, gumi ya jiƙa mayafinta.

"Wannan ce inshorar," ta ce. "Ranar da na ɗauke ka aiki ba ta fi kyanwa girma ba. Duk abin da ka goga sai ta ƙara ƙiba. Jiya ta cinye mini janareto."

Haladu ya ji kunya. Ya shafa wuyan dabbar, ta yi masa hon a hankali.

Aka zauna shari'a a cikin tankin ruwa, kowa a bushe. Zabuwa ta miƙe ta ce tsakani da Allah ita ce ta shiga gabansa. Kunkuru ya ce ba a karɓar shaidar mai fukafukai ranar Talata. Hajiya ta zare mukullin mota daga aljihun Haladu ta miƙa wa teburin mai tsire.

"Shi bai taɓa buge kowa ba," ta ce, "kuma ba ya amsa waya yana tuƙi."

"Hajiya, ina da iyali."

"Shi ma yana da bencuna."

Teburin ya hau mota, ya gyara zama, ya fara ƙwanƙwasa gilashi da ƙafarsa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Haladu ya buɗe ido. Hajiya Turai ce ta gaske ke buga gilashin da zobenta, tana takawa a gefen motar, katangar kamfani na wucewa sannu a hankali.

"Malam Haladu," ta ce, "idan ka gama hutawa, ka ja burkin hannu."