Bahago Ba Ya Wuce Mai Ƙishi

Tun da aka dawo da Bahago daga hanyar Séguédine da ƙafa a karye, bai sake leƙa ƙofar gida ba. Ƙashi ya haɗe, likita ya ba shi sanduna ya ce ya riƙa takawa, shi kuwa ya jingine su bayan ƙyaure. Ba karayar ce ta kwantar da shi ba. Ranar da motarsa ta kife, yana yashe cikin rairayi, wata mota ta zo, ta rage gudu, ta wuce abinta. Shi da ya yi furfura a tuƙi bai taɓa wuce mutum a hamadar Tenere ba! Daga nan ya ce duniya ta lalace, ba abin da zai fita gani.

Abin ya ishi ƙanwarsa Kadidia, mai gyaran salula a kasuwa. Ta aro konsol, na'urar wasan bidiyo, wurin Idrissa, abokinsa na fadar shayi, ta jona da tele, akwatin talabijin, ta danƙa wa Bahago manet, abin da ake latsawa a sarrafa wasan. Wasan na wani matuƙin jirgi ne da ke yawo tsakanin taurari yana tara makamai don yaƙin ƙarshe, in ya sauka wata duniya kuma ya hau mota.

Bahago dai ya samu abin zagi.

"Kadi, wa ya yi wanga abu? Mota na gudu bisa rairai ba a rage iskar taya ba! Kuma kowa ka gaida sai ya zuba maka faransanci kamar mai neman kujera."

Da gaskiyarsa. Wasan akwai nawa: kafin ƙofa ɗaya ta buɗe, shayi ya tafasa. Wani lokaci matuƙin ya maƙale a bango, rabi ciki rabi waje, sai an kashe an kunna. Amma samansa akwai kyau, kuma kowane mutum a ciki da sunansa da damuwarsa. Bahago na zagi, manet na hannu.

Sai dai hali zanen dutse. Duk jirgin da ya gani a lalace sai ya tsaya, ya ba da ruwa, ya ba da esansi, wato man fetur. Idrissa, wanda ya gama wasan tuni, ya leƙo ya gani, ya riƙe kai.

"Wuce su, malam! Ruwan ga da shi ake musayar makami. Wasa ne hwa."

"Ba a wuce mutum," in ji Bahago, ko juyowa bai yi ba.

Labari ya kai fada, aka yi ta dariya.

Ranar yaƙin ƙarshe, da hantsi, Kadidia ta ƙi zuwa kasuwa. Jirgin yayanta tsirara yake, bindiga ɗaya, ita ma tsohuwa. Tsoro ya kama ta sosai. In har wasa ma ya nuna masa tsayawa wauta ce, to ita da kanta ta ƙara masa sakata a ƙofa. Maƙiya suka rufe shi, jirgin ya fara hayaƙi, Bahago ya ƙanƙame manet.

Sai ga wani jirgi ya ɓullo daga gefe. Sai ga wani. Kafin ka ce kwabo tele ta cika.

"Kadi! Tsohuwar nan ce mai ido ukku, wadda na ba ruwa! Ga mai ƙaho ma! Sun zo, wallahi sun zo!"

Ashe wasan, duk nawarsa, ba ya mantuwa. Suka yi wa maƙiya kaca-kaca, Bahago na ihu har tantabarun maƙwabta suka watse. Idrissa shi kaɗai ya yi nasa yaƙin, bai ma san akwai wannan ƙarshen ba.

Kadidia ta goge ido da gefen mayafi, ta ɗauko salula.

"Yaya, in kira maka Idrissa?"

"A salula? Sai na ga ƙwayar idonshi. Miƙo mani sandunan can."

Ta kakkaɓe musu yanar gizo ta miƙa masa, sannan ta riga shi zuwa ta buɗe ƙofar gida.