Sabon Tiyo

Warin ya tari Ilham tun kafin ta kai bakin ƙofa, wari mai nauyi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ta saki bokitin wankin da ta gama shanyawa a bayan gidan hayarsu na Samaru. Ɗanta Ridwan, da bai daɗe da fara rarrafe ba, yana barcin rana a ciki, katanga ɗaya ce tsakaninsa da tukunyar gas.

"Maman Othniel!" Ta ƙwala kira.

Maƙwabciyarta Sarah ta taso daga kan keken ɗinki, ta shaƙi iskar, ta dafe ƙirji.

"Kada ki taɓa makunnin wuta, Maman Ridwan. Firjinku yana jone?"

"Yana jone. Ai an ɗauke wuta tun safe."

"To in suka kawo fa?"

Sarah ta ruga wajen mita don ta zare katawut. Ilham ta toshe hanci da jiƙaƙƙen mayafi ta kutsa ciki. A kicin wani siririn huci ke fita, kamar na maciji. Tiyon da ta saya bayan ƙaramar Sallah ya tsage ta gindi. Ta damƙi marufin kan tukunyar ta murɗa. Robar ta ɓalle, ta zauna mata a tafin hannu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta faɗa ɗaki ta suri yaron. Kansa ya langaɓe a kafaɗarta. A tsakar gida ta girgiza shi, ta hura masa fuska, tana kiran sunansa, har ta daina gane muryarta. Can ya yi tari, ya tsala kuka.

A daidai lokacin yaran unguwa suka kaure da ihun an kawo wuta. Sarah na tsaye da katawut a hannu. Daga baya ita ce ta ja tukunyar waje, ta fizge kan da filaya.

Washegari Ilham ta shiga kasuwar Sabon Gari, ta ajiye tsagaggen tiyon a kan teburin Madam Ukachi, wadda ta sayar mata da shi.

"Saura ƙiris wannan ya kashe mini ɗa."

Matar ta juya shi, ta matsa, ya ƙara darewa. Fuskarta ta sauya.

"Hajiya, irinsa ne a kicin ɗina."

"Ba ni mai kaurin nan, irin na gidanmu. Na mahaifiyata tun ina firamare yake aiki."

"An daina kawowa. Ki zaga kasuwar nan duka, kwali ne kawai ya bambanta."

Ilham ta zaga, har rana ta take. Da sabon tiyo da sabon kan tukunyar gas ta koma gida, masu sheƙi, marasa nauyi kamar kara.

Ta ɗaura su, ta shafe tiyon da ruwan sabulu kamar yadda Sarah ta nuna mata, ta ƙura ido. Kumfa bai tashi ba. Duk da haka sai da ta goya Ridwan ta kai shi ɗakin Sarah, ta dawo ta buɗe tagogi. Shinkafa na jiƙe a tukunya. Ta zaro tsinken ashana, ta tsaya tana saurare.