Ƙaramar Ƙwaryar Dijatu

Madara ba ta zama kindirmo don ra'ayin kanta. Sai an dafa ta, ta huce, a ɗiga mata ɗan ragowar na jiya, a rufe. Wannan ɗan ragowar shi ake ce wa iri. Na Dijatu kuwa ya girme ta, domin daga ƙwaryar mahaifiyarta aka ɗibar mata shi ranar da aka kai ta ɗakin Hammadu, kuma tun daga nan bai taɓa yankewa ba. An yi fari, an yi ƙaura, ita dai ko cokali ɗaya ne sai ta tsira da shi a wata 'yar ƙaramar ƙwarya mai baƙin baki.

Yanzu Hammadu ya kwanta dama. 'Ya'yanta maza sun kora garke kudu, suka bar mata saniya ɗaya da ɗan maraƙi a rugarsu ta bayan Sakwa, inda bukkarta kaɗai ta rage a tsaye. Kaɗaici na damunta, ba ta dai faɗa. Idan ta buɗe ƙaramar ƙwaryar da safe ta ji ƙanshin nan, sai ta ji kamar innarta na tsugune a gefenta.

Da zazzaɓi ya kayar da ita aka kai ta asibiti a Azare, Ummu Salma, matar wani manomi maƙwabcinta, ita ta riƙe mata saniyar. Mace ce mai kirki, ga tsafta har ta yi yawa. Ranar da Dijatu ta dawo, ta tarar da ƙorenta jere a rana, fes, suna ƙanshin sabulu. Har da ƙaramar.

"Goggo, wani tsohon nono na gani a ciki duk ya yi tsami, na zubar na wanke miki," in ji Ummu Salma, tana jiran yabo.

Dijatu ta daɗe tana kallon cikin ƙwaryar.

"Allah ya yi albarka," ta ce. To me za ta ce? Ba a rama alheri da faɗa.

A da, abin ba wani abu ba ne. Wadda irinta ya mutu sai ta leƙa bukkar kusa ta ɗebo, kuma rabin matan rugar nan daga hannun Dijatu nasu ya fito. Yau wa za ta leƙa? Sai ta tuna autarta Humaira, wadda ke aure a Azare. Ita ma an ɗibar mata irin nan a 'yar ƙwarya ranar kai ta ɗaki.

Washegari, jiki bai gama warwarewa ba, ta sake hawa mota.

Humaira ta yi murna, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Bayan gaisuwa Dijatu ta faɗi abin da ke tafe da ita. Tun kafin 'yar ta buɗe baki idon uwar ya kai kan talabijin. Ga 'yar ƙwaryar can a kai, an zuba makullai da allurai a ciki.

"Wayyo Inna," Humaira ta ce, kanta a ƙasa, "ai tun goyon farko ya mutu mini. Kunya ta hana ni faɗa miki. Yanzu da madarar gari nake yi, in zuba yogot na kanti. Wallahi yana kamawa."

Ta buɗe firji ta ɗauko robar yogot ɗin guda ta ƙulle mata a leda. Dijatu ta karɓa da hannu biyu, don kada yarinyar ta yi kuka.

Da ta koma gida ta tatsi saniyarta, ta dafa madarar, ta jira ta huce. Ta juya robar nan a hannu kamar mai neman bakinta, sannan ta yi bisimilla ta zuba. Can cikin ranta so take ya ƙi kamawa. Da gari ya waye ta ɗaga faifai, sai ga shi ya kwanta luf, fari tas, ludayi na tsayawa a ciki.

Ta ɗanɗana. Ba shi ba ne.

Ta ɗauka ta kai kasuwar Sakwa. Malam Babagana tela, wanda ya fi shekara ashirin ba ya shan kindirmon kowa sai nata, ya taso da kwanonsa yana yi mata barka da samun sauƙi. Ta zuba masa, ta tsaya tana kallon bakinsa. Jira take ya ɓata fuska, ya tambaye ta me ya faru, ta samu wanda za ta gaya wa.

Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya goge gemu.

"Alhamdu lillahi! Goggo, naki dai ba ya canzawa. Yadda na san shi, haka yake."

Dijatu ta ce, "Haka ne, Malam."

Ta mayar da faifai ta rufe ƙwaryar.